Fashin baƙi: Katako ne, tayil ne ko roba? Abin da ke ƙarƙashin sabon yayin shimfiɗar ƙasan gini

Me ya sa a yanzu mutum zai shiga wani gida ko ofis, ya kalli ƙasa ya rantse katako aka shimfiɗa, sai ya durƙusa ya taɓa ya ji sanyin tayil? Me ya sa kuma wani zai sayi allunan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwalinsu cewa ruwa ba ya yi musu komai, amma kafin shekara ta zagayo ya ga bakinsu ya fara ɗagowa, ɗakin kuma yana warin danshi? Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Cikin shekaru 30 da suka wuce kasuwar kayan shimfiɗar ƙasa ta sauya fiye da yadda yawancin masu saye suka ankara. Sunaye sun yi yawa: laminet, SPC, LVT, ifoksi, tarazo, tayil mai zanen itace. Mai shago yana faɗar nasa, mai aiki yana faɗar nasa, hotunan intanet suna nuna nasu, kuma sau da yawa suna ɗaya ne amma kowa da abin da yake nufi.

Abin yana damuna ne saboda daɓe ba fenti ba ne. Bango idan launinsa bai yi maka ba, kwana biyu ka sake shi. Ƙasa kuwa sai an kwashe kaya, an farfasa, an sha ƙura, an zubar da kuɗin farko kafin a fara kashe na biyu. Kuma a duk cikin gini babu mai shan wahala kamarta. Ita ke ɗaukar takalmi da yashin da ke jikinsa, da ƙafar kujera, da ruwan da ya zube, da zafin ranar da ke shigowa ta taga.

Yadda ido ya daina zama shaida

A da, ido kaɗai ya isa alƙali. Katako yana kama da katako, mabul yana kama da mabul, leda kuwa ko daga nesa ka san leda ce. Abin da ya rushe wannan shi ne injin buga hoto. Wajen shekarar 2000 aka fara fito da injin da ke fesa tawada kai tsaye a kan tayil kafin a gasa shi, kamar yadda firinta ke yi wa takarda, kuma daga yankin masana'antun tayil na gabashin Sifaniya fasahar ta fito. Kafin nan zanen tayil ɗaya ne ke ta maimaita kansa, har ka gane shi a kowane lungu na ɗaki. Yanzu ana ɗaukar hoton katako ko dutse na gaske, a buga fuskoki daban-daban masu yawa don kada ido ya kama maimaicin. Wasu masana'antu ma suna danna saman abin yadda gurbin jijiyar itace zai faɗa daidai inda take a hoton, ta yadda yatsa zai ji abin da ido ya gani.

Sakamakon shi ne hoton itace guda zai iya zama a kan gasasshen yumɓu, ko a kan allon garin katako, ko a kan roba. Fuska ɗaya, jiki uku, kuma kowane jiki da yadda yake yi idan ya haɗu da ruwa, zafi ko nauyi. Shi ya sa duk wanda zai saya ya kamata ya karɓi guntun samfurin a hannu, ya juya shi ya kalli gefensa inda aka yanka. A nan ake ganin hawa-hawan da aka yi abin da su: fatar sama mai kare hoto, hoton kansa, sai ainihin cikin. Abin da ke cikin nan da kaurin fatar saman su ne za su zauna da kai, hoton kuwa bayan wata guda ka daina lura da shi.

Tayil: bambancin siramik da tangaran

Har gobe tayil ne ya fi yaɗuwa a ƙasashe masu zafi da wuraren da ake yawan zuba ruwa. China ce ke kan gaba wajen yin sa, Indiya na biye, sannan ana ganin Italiya da Sifaniya a matsayin masu fito da sabbin zane. Amma kalmar tayil ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba.

Siramik na gama-gari yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa, yana shan ruwa, ya fi sauƙin yanka, kuma ya fi dacewa da bango ko ɗakin da ba a cika zirga-zirga ba. Na tangaran, wanda masu sayarwa ke kira fosilin, ana yin sa da yumɓu mai laushi, a matse shi da ƙarfi, a gasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,200. Ma'auninsa a fili yake: ruwan da zai sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba. Kana iya gwadawa da kanka. Juya bayan tayil ɗin ka ɗiga masa ruwa. Idan cikin ɗan lokaci ya tsotse ya bar tabo mai duhu, siramik ne. Idan ɗigon ya zauna yana kallonka, tangaran ne. Akwai kuma lambar PEI da ake sa wa tayil mai ruwan ƙyalli, wadda ke nuna juriyar samansa ga gogar takalmi: 3 ta isa gida, 4 da 5 na shaguna ne da wuraren taruwar jama'a.

Abin da ake yayi yanzu shi ne girma. Daga mai santimita 30 ko 40 an koma 60 da 60, an wuce zuwa 60 da 120, har akwai manyan falle masu santimita 120 da 240 waɗanda kaurinsu milimita 6 ne kacal. Dalilin son su mai ma'ana ne. Layukan haɗi sun ragu, ɗaki ya ƙara faɗi a ido, wurin da datti ke maƙalewa ya ragu. Sai dai babban tayil ba ya yafe kuskure. Ƙarami yana bin ɗan tudu da kwarin daɓe ba tare da an lura ba. Babba kuwa ko dai bakinsa ya ɗara na maƙwabcinsa har ya riƙa kama yatsan ƙafa, ko kuma ya zauna a kan iska.

A nan ne sabon kaya ke cin karo da tsohuwar hanyar aiki. Tunda tangaran ba ya shan ruwa, kwaɓin siminti da yashi zalla ba ya kama shi yadda yake kama siramik. Yana bukatar gam ɗin tayil mai sinadarin da ke ƙara masa danƙo, a shafa shi da cokali mai haƙora a ƙasa, a kuma shafa a bayan tayil ɗin idan babba ne. Na taɓa tsayawa a wani falo da tayil ɗinsa ya tashi. Masu gidan sun ce cikin dare suka ji ƙara kamar an fasa faranti, da safe suka tarar layi guda ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Da aka ɗaga guda ɗaya, bayansa fes yake kamar yanzu aka fito da shi daga kwali, sai dunƙulen siminti biyar a ƙasa, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. Mai aikin ya kuma matse tayil ɗin da juna har jikin bango, bai bar ko tsinke ba. Tayil da kankare duka suna motsi da zafi da sanyi, amma ba da gudu ɗaya ba, don haka idan ba a bar musu wurin numfashi a gefen bango da tsakanin layuka ba, wata rana sama za su nufa. Mai son sanin halin da nasa ke ciki ya ɗauki tsabar ƙarfe ko kan makulli ya riƙa ƙwanƙwasawa. Wurin da ya kama yana ba da sauti a toshe, wurin da ke da rami yana amsawa kamar ganga.

Allunan da ake harɗawa: laminet da SPC

Babban sauyi na biyu shi ne shimfiɗar da ba a manna ta da ƙasa. Alluna ne masu baki da kwarmi, a cusa wannan cikin wancan ya kulle, duka shimfiɗar ta zauna kamar tabarma guda a kan daɓe. Wannan kulli ya bayyana ne a tsakiyar shekarun 1990 daga kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam, kuma shi ya sa ake iya gama ɗaki a yini ɗaya ba siminti ba ƙura, har a ɗora sabo a kan tsohon tayil idan yana nan daram.

Laminet ne ya fara cin moriyar wannan. Kamfanin Perstorp na Suwidin ya ƙirƙiro shi a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Cikinsa garin katako ne da aka matse da gam, samansa takarda mai hoto, a kanta kuma fata mai tauri ƙwarai. Kaurinsa yakan kama daga milimita 7 zuwa 12. Ba ya saurin karcewa, a wannan fannin ma ya fi katako na gaske. Lambar AC ce ke nuna ƙarfinsa: AC3 ta gida ce, AC4 da AC5 na ofis da shago. Rauninsa ɗaya ne, kuma babba: idan ruwa ya ratsa ta haɗi ya kai ga garin katakon nan, sai ya kumbura, kuma kumburin ba ya komawa. An fito da sababbi masu toshe haɗi da ke jure zubar ruwa na wasu sa'o'i, amma asalin cikin bai canza ba.

Wannan rauni ne ya buɗe wa dangin roba hanya. LVT roba ce mai laushi da ke lanƙwasuwa, ƙanwar ledar ɗaki da kowa ya sani, sai dai ta fi ta kauri da kyan hoto. SPC kuwa, wanda ya mamaye kasuwa cikin shekaru 10 da suka wuce, cakuɗa ce ta garin dutsen farar ƙasa da robar PVC, kuma dutsen ne ya fi yawa. Shi ya sa allon siriri ne, milimita 4 zuwa 6, amma idan ka ɗauka sai ka ji nauyi da tauri. Ka jiƙa shi kwana da kwanaki ba zai kumbura ba.

Inda masu saye suka fi ruɗewa shi ne kauri. Mutum zai ce a ba shi mai kauri, yana nufin mai inganci, alhali kaurin da ke ƙayyade tsawon rayuwar SPC shi ne na fatar saman, wadda ake auna ta da ɓangaren milimita. Mai 0.3 ta isa ɗakin kwana da falon gida. Mai 0.5 zuwa sama ita ce ta ofis, shago da gidan da ke da yara da baƙi da yawa. Allo mai milimita 6 da fatar 0.2 zai riga mai milimita 4 da fatar 0.5 mutuwa, domin da zarar fatar ta cinye, hoton ne ke biye, kuma ba a goge shi a sabunta. Sannan SPC yana son daɓe shimfiɗaɗɗe. Galibin masana'antu suna neman kada tudu da kwari su wuce kusan milimita 3 a tsawon mita 2. Idan akwai kwari a ƙasa, kowane taku yana lanƙwasa siririn bakin kullin nan har ya karye, allunan su fara rabuwa. Haka kuma dole a bar rata ta kusan milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, a rufe ta da sikatin, wato siririn allon da ake bin gindin bango da shi, musamman a ɗakin da rana ke dukan ƙasa ta babbar taga.

Maganar “ruwa ba ya cin sa”

Wannan ita ce jimlar da ta fi sayar da kaya, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Gaskiya ne allon SPC ba ya lalacewa da ruwa. Amma maganar a kan allon ta tsaya, ba ta shafi ɗakin ba. Ruwan da ya malala da yawa zai bi ta gefen bango ya shiga ƙasan shimfiɗar, kuma da yake roba ba ta numfashi, a nan zai zauna. Allon na nan lafiya, ƙasansa kuwa fumfuna na tsiro, wari na tashi.

Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne ruwan da ke zuwa daga ƙasa. Mutane suna jin cewa kankare na gama ƙarfinsa a kwana 28, sai su ɗauka ya bushe ke nan. Ƙarfi daban, bushewa daban. Magina na da wani lissafi na kusan-kusan: daɓen siminti yana bushewa kimanin milimita 1 a kowace rana, idan akwai iska kuma kaurin bai wuce santimita 4 ko 5 ba. Wanda ya fi haka kauri yana cin watanni. Idan kuma ba a shimfiɗa ledar tare danshi a ƙarƙashin kankaren tun lokacin gini ba, laimar ƙasa za ta ci gaba da hawowa muddin ginin na tsaye.

Akwai gwaji mai sauƙi. A yanki farar leda mai kusan rabin mita kowane gefe, a shimfiɗa a kan daɓen, a manne gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka ɗaga aka ga gumi a cikin ledar, ko simintin wurin ya yi duhu, to daɓen bai shirya karɓar katako, laminet, roba ko ifoksi (wani ruwan gam da ake zubawa a ƙasa ya daskare) ba. Rashin ganin gumi ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, manyan ayyuka da na'urar auna danshi ake yin su, amma ganin sa hujja ce da ta isa a dakata. A ganina da yawan shimfiɗun da ake zagin masana'antarsu, gaggawar tarewa ce ta kashe su.

Komawa ga na asali: katako, dutse, tarazo da siminti

Yayin da kwaikwayo ke ƙara ƙwarewa, sai ga wasu suna juyowa neman abin da cikinsa da wajensa ɗaya ne. Katako zalla, mai kaurin milimita 18 zuwa 20, ana iya goge shi a sake masa mai sau da dama, shi ya sa ake samun gidajen da daɓensu ya haura shekara 100. Amma yana shan danshin iska yana kumbura, ya bushe ya tsuke. Don rage wannan aka fito da katako mai hawa-hawa: saman itace ne na gaske mai milimita 2 zuwa 6, ƙasan kuma falle-falle da aka giciye da juna. Kaurin saman ne ke faɗa maka sau nawa za a iya goge shi. Gora ma ta shigo, saboda tana isa yanka cikin shekaru kamar 5, inda manyan itatuwa ke cin gomman shekaru.

Mabul yana da kyan da hoto bai kamo ba, domin haske yana ɗan shiga jikinsa kafin ya dawo. Sai dai dutse ne mai taushi, kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarsa ya bar tabo, har da wasu ruwan wanke banɗaki. Giranit ya fi shi tauri nesa ba kusa ba.

Tarazo shi ne wanda dawowarsa ta fi faranta mini rai. Asalinsa daga yankin Benis na Italiya ne, inda masu aikin mabul ke tattara ɓaraguzan da suka rage su zuba a kwaɓi su goge. Ya cika makarantu, asibitoci da filayen jirgin sama a ƙarni na 20, sannan aka yi masa kallon tsohon yayi, aka riƙa rufe shi da tayil ko kafet. Yanzu ga shi ya dawo da manyan tsakuwoyi masu launi, wani a siminti wani a ifoksi. Duk mai tsohon tarazo a gini ya yi tunani sau biyu kafin ya sa guduma. Sau da yawa gugar inji kawai yake bukata ya koma sabo.

Gogaggen kankare ma yana tashe a shaguna, gidajen abinci da ɗakunan ajiya: a bi daɓen da injin guga mai haƙoran daimon, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a zuba masa sinadarin ƙara tauri. Akwai kuma siririn shafe na siminti mai milimita 2 zuwa 3 da ake yi a kan tsohuwar shimfiɗa don a samu fuska ɗaya ba layi. Wanda zai zaɓi waɗannan ya san cewa kankare yana yin siraran tsaga, kuma yana da tauri a ƙafar mai tsayuwa yini guda.

Launi da salo: abin da ke tashe

A nan ba sai an daɗe ba. Launin toka da ya mamaye shekarun 2010 yana ja da baya, ana komawa ga ruwan ƙasa, ruwan zuma da ruwan madara. Ƙyalli mai ɗaukar ido yana barin wuri ga fuska marar sheƙi, wadda ba ta nuna sawun ƙafa da ƙura. Alluna sun ƙara faɗi da tsawo. Jeri irin na ƙashin kifi, wanda aka sani a fadojin Faransa tun ƙarnoni da suka wuce, ya dawo a katako, tayil da roba, haka ma baƙi da fari mai gida-gida. Mutane da yawa kuma suna son shimfiɗa iri ɗaya ta ratsa falo, kicin da baranda ba yankewa. Abin lura guda: jerin ƙashin kifi yana cin kaya. Inda jeri miƙaƙƙe ke bukatar ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, shi yakan kai 15 ko fiye, ga ƙarin lokacin mai aiki.

Wuraren kasuwanci: lissafinsu daban

Mai gida yana tambayar kyau, mai kasuwanci yana tambayar kwana nawa zai rufe shago idan abu ya lalace. Shi ya sa ofisoshi suka rungumi kafet mai gida-gida, santimita 50 da 50: yana shanye ƙarar taku da ta kujeru, kuma idan wani abu ya zube, gida ɗaya za a cire a sa wani. Asibitoci sun fi son shimfiɗar roba ko linoliyam mai faɗi da ake narka haɗinta da zafi, a kuma naɗe gefenta ya hau bango, don kada ƙwayar cuta ta sami tsagar ɓuya. Masana'antu, gareji da ɗakunan ajiya suna zuba ifoksi saboda yana jure mai da sinadarai, amma yana yin rawaya a rana, kuma idan daɓen na da danshi sai ya yi ƙuraje ya ɓare.

Batun santsi ya shafi kowa, gida da kasuwa. Faɗuwa a banɗaki na iya zama sanadin karayar ƙugu ga dattijo, kuma ba kowa ke tashi daga wannan jinya ba. Ma'aunin da ya fito daga Jamus yana sa wa tayil lamba daga R9 zuwa R13. R9 na busasshen ɗaki ne, R10 na kicin da makamantansa, R11 zuwa sama na waje da wuraren aiki masu maiƙo. Gwajin R da takalmi ake yin sa, don haka wurin wanka da ake shiga ba takalmi yana da nasa ma'aunin, A, B da C, inda C ya fi kama ƙafa. Ina roƙon duk mai gini da ke da tsofaffi ko ƙananan yara ya haƙura da tayil mai sheƙi a banɗaki da matakala, komai kyansa.

Lafiya da muhalli: inda ake saɓani

Masu goyon bayan roba suna cewa ta sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi samun ɗaki mai kyau da tsafta, ba ta cin itatuwa, ba ta da nauyin dako kamar tayil. Masu suka suna cewa PVC daga man fetur da sinadarin kulorin ake yin sa, sake sarrafa shi yana da wuya saboda hawa-hawan da aka manne, hayaƙinsa idan ya kama wuta guba ne, kuma abin da za a cire bayan shekara 10 ko 15 a juji zai ƙare. Tayil ma bai tsira ba, domin gasa shi yana cin makamashi mai yawa, siminti kuma yana cikin manyan masu fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Sai dai abin da zai yi shekara 50 a ƙasa ya rama wani ɓangare na wannan bashin. Masu neman mafita suna duban linoliyam, wanda Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860 daga man 'ya'yan kittani, garin itace da algarara, da kuma shimfiɗar ɓawon itacen da ake yin toshiyar kwalba da shi, wanda ake ɓarewa duk shekara 9 ba tare da an sare bishiyar ba. Kusan rabin wannan ɓawo daga Fotugal yake fitowa.

Ga mai zama a cikin ɗakin, iskar da yake shaƙa ta fi kusa. Gam ɗin da ake haɗa garin katako da shi yana iya fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa kansa a 2004. A 2015 wani binciken gidan talabijin a Amurka ya nuna wasu allunan laminet da ake shigowa da su sun wuce iyakar da jihar Kalifoniya ta gindaya, abin da ya tayar da ƙura har kotu. Don haka alamar E1 ta Turai, mai nuna ƙarancin wannan sinadari, ko makamanciyarta a jikin kwali ba ado ba ce. Kayan da aka buɗe kwalinsu wari mai hawa kai ya bugi hanci, kuma babu sunan masana'anta ko wata lamba a jiki, gara a bar su a inda aka gan su.

Masu gyaran tsohon gini su kula da wani haɗari. Tayil ɗin roba da baƙin gam da aka yi amfani da su kafin shekarun 1980 sau da yawa suna ɗauke da asbesto, wani ma'adini mai siraran zare. Yana nan lafiya muddin ba a taɓa shi ba, amma kankare shi ko goge shi a bushe yana sakin zaren da ke lalata huhu bayan shekaru. Shi ma mai yankan tayil da dutse a bushe yana shaƙar ƙurar da ke taurara huhu, cutar da ba ta da magani. Yanka da ruwa da sa takunkumin da ya dace haƙƙin ma'aikacin ne, kuma mai gida yana da bakin cewa a yi hakan a aikinsa.

Abin da ya rage bayan an gama aiki

Saurin sauyawar yayi ya haifar da wata matsala da ba a cika ambata ba. Tunda zane hoto ne a kwamfuta, masana'anta na iya daina buga shi kowane lokaci. Ko zanen na nan, tayil ɗin da aka gasa yau da wanda aka gasa wata uku baya sukan ɗan bambanta a launi da girma, shi ya sa kowane kwali ke ɗauke da lambar rukuni. A duba kwalayen tun a wurin saye su zama lamba ɗaya, a kuma riƙa ɗiba daga kwali uku ko huɗu lokaci guda yayin shimfiɗawa don ɗan bambancin ya bazu. Allunan katako da laminet a bar su su kwana biyu a cikin ɗakin da za a sa su kafin a fara. Idan an gama, a ajiye kwali ɗaya ko biyu a kwance a busasshen wuri, tare da takardar da ke jikinsu. Ranar da famfo ya fashe a ƙarƙashin daɓe aka fasa tayil huɗu, daga cikin kwalin nan za a ɗauko madadinsu.